Ramin Alhaji Faruk

Tun da safe Asma'u ta share zaure ta shimfiɗa babbar tabarma, tana yi tana jin kamar ta ɗaga ta ta yage gida biyu. Baƙi za su zo bayan azahar: limamin masallacin layinsu a Unguwar Kanawa, da yayanta Mustapha, da wasu dattawa. Ba gaisuwa za ta kawo su ba. Tambaya ɗaya za su yi wa mijinta Sanda, kuma amsarsa ce za ta nuna ko akwai sauran aure tsakaninsu ko babu.

Ta same shi zaune a bakin gado, ranar ko kasuwa bai fita ba.

"Baban Umaima," ta ce, "don Allah..." Sai ta rasa da me kuma ake roƙon mutumin da wannan sunan ya daina motsa shi. Ta sake ɗauko maganar. "Don darajar zaman da muka yi. In sun tambaye ka, ka ce musu ka yi imani. Baki ne kawai. Wa zai tsaga ƙirjinka ya duba?"

Sanda ya dube ta, ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Wannan shirun nasa shi ne ya fi ƙona mata rai, domin ta san shi sarai. In zai yi abu yakan ce to.

Ba haka Sanda yake ba a da. Mai gyaran keken ɗinki ne a Babbar Kasuwa, kuma mutum ne da ladan kan tarar da shi a ƙofar masallaci da asuba yana jiran a buɗe. Abin da ya sauya shi yana nan a bakin layinsu, ko da yake yanzu sai wanda ya sani ne zai nuna maka wurin.

Alhaji Faruk, mai shagunan atamfa, wanda shi ya shimfiɗa wa masallacin layin tayil, ya sayi fili a kan kwana ya fara gini. Aka haƙa ramin shadda a waje, dab da hanyar da yara ke bi, rami mai zurfin da in ƙato ya tsaya a ciki ba a ganin hularsa. Sai aikin ya tsaya, don Alhaji ya samu wani filin a Kinkinau da ya fi ɗaukar hankalinsa. Aka jefa wa ramin wani ruɓaɓɓen kwano a kai, shi ke nan. Damina ta zo ta cika shi taf. Matan layi suka yi ta aika masa. Amsarsa kullum ɗaya ce: in sha Allah, sati mai zuwa. Satin nan na Alhaji har yau bai zo ba.

Umaima, 'yarsu ɗaya tilo, shekararta huɗu. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ta bi yaran maƙwabta sayen ƙosai, ta taka kwanon nan. Da takalminta ɗaya da ke yawo a saman ruwa aka gane inda take.

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji Faruk da tawagarsa, da buhun shinkafa a bayan mota. Aka zaunar da Sanda a tsakiya kamar wanda ya yi laifi. Wannan ya ce ƙaddara ce. Wancan ya ce kwananta ne ya ƙare, ko a kan katifa take za ta tafi. Wani ya ce Musulmi ba ya kai ƙarar ɗan'uwansa a kan abin da Allah ya rubuta. Shi kuwa Alhaji yana jan carbi yana girgiza kai, yana cewa, "Haka Allah ya so." Ka ji fa! Kamar ba shi ya biya leburori suka haƙa ba, kamar ramin daga sama ya faɗo. Suka yi ta yi har Sanda, idonsa a ƙasa, ya ce, "Na yafe. Na bar wa Allah." Aka yi kabbara, aka shafa fatiha. Liman har misali ya buga da shi a wa'azi, ya ce ga yadda tawakkali yake. Ita Asma'u tana cikin ɗaki, a bakin mata ta ji wai an yafe.

Ramin kuwa aka sake masa sabon kwano, aka ɗora dutse a kai, aka watse.

Damina ta zagayo, kwanon ya ruɓe, ramin ya ci Fahad, ɗan wani ma'aikacin gwamnati mai suna Abdulrahman da ya kama haya a layin. Tawagar nan dai ta sake ɗaura ɗamara, har da shinkafarta. Abdulrahman ya tsaya a ƙofar gida ya ce su mayar da buhunsu, shi bai yafe ba, kuma sai ya kai ƙara ofishin hukuma. Unguwa ta ɗauka: ɗan boko ne, ba shi da tawakkali, yana jayayya da hukuncin Ubangiji. To, ɗan bokon nan da bai da tawakkali, kafin sati ya zagayo sai ga tifa ta juye yashi a ramin. Leburori suka baje, suka daddale. Da hantsi aka fara, kafin a kira azahar wuri ya zama fili, har awaki na hawa.

Sanda yana tsaye yana kallo tun daga farko har ƙarshe. Aka kira salla, mutane suka wuce shi suna naɗe hannun riga, bai motsa ba. Da ya shigo gida ya ce wa Asma'u, "Aikin rabin yini ne. Da na ƙi yafewa, da yaron mutane yana raye." Tun daga ranar goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba.

Kada a ce bai nemi mafita ba. Ya nema. Ya je wurin malami ya ce, shekara guda yana roƙon Allah ya tsare yaran layin, me ya sa aka amsa wa wanda ya je ofis, shi ba a amsa masa ba? Malamin ya ce kul, wannan saɓo ne. Na biyu ya ce aljani ne ya shige shi, ya ba shi ruwan tofi a jarka. Babu wanda ya zauna ya ce masa, Sanda, an zalunce ka, kuma da sunan Allah aka zalunce ka, laifinmu ne ba na Allah ba. Kalmar nan guda, duk faɗin unguwar, an rasa mai faɗinta.

A kasuwa ma ai sun daɗe da lura ba ya salla. Amma abin ya yi musu daɗi. Da an kira salla kowa ya gitta benci a ƙofar shagonsa ya ce, "Sanda, ga shago nan," ya tafi hankali kwance. Sai wata Juma'a da wani ya tsokane shi, ya ce wai shi yaushe zai tuba, Sanda ya ce, "Na duba inda kuka ce in duba, ban samu kowa ba." Kafin ya hau Keke Napep ya iso gida, maganar ta riga shi isowa.

Ita Asma'u ba ta taɓa barin sallarta ba, kuma tana kuka a kan sallaya tana roƙa masa shiriya. Abin da mutanen waje ba su sani ba, har yau shi ke tashinta da asuba. Ya cika mata buta, ya shimfiɗa mata sallaya, ya koma ya zauna a bakin gado har ta idar. Wannan mutumin ne za a zo a raba ta da shi.

Bayan azahar suka iso. Ta tsaya a bayan labulen ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida. Ta ji muryar liman, ta ji ta Yaya Mustapha. Sai ta ji wani tari da ta sani, da ƙarar carbi. Ta leƙa. Alhaji Faruk ne, ya harɗe a kan tabarmar da ta share da hannunta, ƙamshin turarensa ya cika zauren. Wai shi ma dattijon unguwa ne, ya zo kare addini.

Liman dattijo ne mai sanyin murya, kuma da ganin fuskarsa ba ya son aikin da ya kawo shi. Ya ce, "Sanda, ba faɗa muka zo yi ba. Magana ce ta fito daga kasuwa, muna so mu ji daga bakinka. Ka yi imani akwai Allah?"

Asma'u ta damƙe labule. A zuciyarta tana cewa, faɗi, faɗi kawai.

Sanda ya ɗago. "Allah gafarta Malam," ya ce, "ban zagi kowa ba, ban hana kowa sallarsa ba. Na so in samu abin da kuke da shi, na nema har na gaji, ban samu ba. In na ce muku eh, na yi ƙarya."

"To ka faɗa mana da baki," in ji Mustapha, don shi ma ƙanwarsa yake ji. "Zuciya ta biyo baya."

"Yaya, a zauren nan kuka taɓa sa ni na faɗi abin da ba ya zuciyata, don kowa ya tashi da daɗin rai. Na faɗa. Kun ga abin da ya biyo baya. Ba zan ƙara ba."

"A'uzu billahi!" Alhaji Faruk ya daka, yana kaɗa carbi. "Kun ji ko? A unguwar Musulmi! Irin wannan ne ke jawo wa mutane bala'i suna zaune lafiya."

Liman ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Sannan ya ce, a hankali, tunda abin ya zama haka, Asma'u ba za ta ci gaba da zama da shi ba. Ta koma gidan iyayenta, har ranar da Allah zai juyo da zuciyarsa. Mustapha ya ɗaga murya ya ce, "Asma'u, ɗauko mayafinki."

Ta ɗauko. Ba ta yi gardama ba, don ita ma ta san hukuncin tun kafin a faɗe shi, kuma ba ta da niyyar saɓa wa Ubangijinta. Ta jefa 'yan kaya a jaka, ta ratsa zauren kanta a ƙasa. Da ma da haka ta fice. Amma Alhaji Faruk, da yake bakinsa ba ya iya zama, ya ga ya kamata ya yi mata ta'aziyyar aurenta.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Haka Allah ya so."

Ta tsaya cak. Ta ajiye jakar.

"Alhaji, kada ka ƙara kirana 'yarka. Ka san abin da kake yi wa 'ya'yan mutane."

"Asma'u!" in ji Mustapha.

"Bar ni, Yaya. Yau ɗaya. Alhaji, Allah ne ya haƙa rami? Allah ne ya rufe shi da ruɓaɓɓen kwano? Allah muka aika wa ya ce sati mai zuwa? Ni na san Ubangijina, kuma ba zan bar shi don kai ba. Amma kun mai da sunansa murfi, duk ƙazantar da kuka yi ku kifa shi a kai. Mutumin nan da hannunku kuka karɓe masa imaninsa, yau kun dawo kuna tambayarsa ina ya kai shi." Ta juya ga liman, hawaye na zuba, ba ta share ba. "Allah gafarta Malam, ranar da aka yafe jinin Umaima, wa ya shigo ya tambaye ni? Ni na haife ta. To ga amsata, tunda yau ranar tambaya ce. Ban yafe ba. Ban yafe 'yata ba, ban yafe mijina ba, kuma sai mun tsaya da kai, Alhaji, a gaban wanda kake laɓewa a bayansa."

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Ya duba dama ya duba hagu ko wani zai tsawata mata. Liman yana kallon tabarma.

Mustapha ya ɗauki jakar suka fita. Sun kusa kwanar nan, inda yashi ya daɗe da zama ƙasa, sai ta ji taku a bayanta. Sanda ne, ba ko takalmi, riƙe da sallayarta a ninke yadda yake ninke ta kullum.

"Kin manta wannan," ya ce.

Ta dubi sallayar, ta dube shi. Gobe da asuba ba wanda zai cika mata buta.

"Ban manta ba, Baban Umaima," ta ce. "Mayar da ita inda take."