Makullin Sito

Makullin ya fara gani kafin ya ga murmushin ƙanensa. Ɗan ƙarami ne, rataye da koren zare a wuyan Auwal. Zarami ya ajiye lomar tuwon da ke hannunsa.

"Yaya, an ba ni kyaftin!" in ji Auwal. "Koci Abu ya ce ni zan riƙa raka shi sito mu ajiye ƙwallaye in kowa ya watse."

Shekara tara da suka wuce, a wuyan Zarami makullin nan yake. Bai manta warin roba ba, da zafin rufin kwano, da ƙarar sakata idan Koci ya tura ta. Shekarunsa sha biyu a lokacin, kamar Auwal yau. Daga nan ya bar ƙwallo, ya bar makaranta, ya ƙare a jan Napep, kuma ko mahaifiyarsu bai taɓa faɗa wa dalili ba.

"Cire shi."

"Kai, Yaya! Don kai ba ka kai ko'ina ba?"

* * *

Washegari Zarami ya sami Alhaji Gana, ciyaman ɗin ƙungiyar ƙwallon, a falonsa da ke unguwar Yerimaram, kofunan gasa jere a bayansa. Ya faɗa masa abin da Koci Abu ke yi wa yara a sito. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe. Abin da ya tsorata Zarami shi ne, babu alamar mamaki a fuskarsa.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa mini, Alhaji. Ni aka yi wa."

Alhaji ya tashi ya rufe ƙofa. Sakatar ta yi ƙara.

"Ɗana, kai ne na huɗu da ya zauna a kujerar nan. Mun ja wa Abu kunne, ya rantse a gaban kwamiti. Wata mai zuwa masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga Kano. Yara arba'in za ka toshe wa hanya?" Ya sassauta murya. "In maganar nan ta fita, Abu gari zai canza. Kai fa? A nan za ka ci gaba da ɗaukar fasinja, ana nuna ka da baki. Je ka. Ba abin da zai sami ƙanenka."

* * *

Alhaji ya cika alkawari. Ranar Laraba kwamiti ya sallami Auwal, wai shekarunsa sun wuce. Yaron ya daina yi wa yayansa magana.

Da yammacin Asabar Zarami ya bi ta bakin filin ƙwallon da fasinja uku. An tashi daga atisaye, yara na watsewa. Can ya hango Idi, ɗan maƙwabciyarsu Sauda, yana jan ragar ƙwallaye yana tsalle, koren zare na lilo a ƙirjinsa. Koci Abu na biye da shi a hankali.

Zarami ya taka birki.

"Direba, mu je mana, magariba ta kusa," in ji wata fasinja.

Yatsansa na kan hon. Ƙofar sito ta rufu.