Kabarin da Hambali Ke Nunawa

Sandarsa na fara lura da ita. Ba ya dogara ta kamar sauran tsofaffi, a hammata yake maƙale ta.

Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai. Na dawo hutu daga jami'ar Dakar, na ce ina so in ga tsofaffin garuruwanmu da idona, don na gaji da karanta su a littattafan Nasara. Guzurina gumba ce da ƙuli-ƙuli. Gwaggo Tala, yayar mahaifina, ta ce ɗiya mace ba za ta yi yawo ita kaɗai ba, ta ɗauko tabarmarta ta biyo ni. Daga Gangara, garinmu, bayan motar gyaɗa muka hau, muna sauka gidajen dangi. A Tibiri na cika rabin kayena, littafin rubutuna, da bayanai. Ranar da za mu juyo ta ce, "Kin ga naki, Maijidda. Saura nawa."

Kufan Magarya take nufi, gaba da Gidan Sori. Muka yi sa'a wani ma'aikacin buro, ofishin gwamnati a Maraɗi, da ake kira Mushe Harouna a Faransance, zai je can da mota, ya ɗauke mu kyauta. Gwamnati ce ta aiko shi ya rubuta wuraren tarihi, ya ba mai tsaron kowanne takarda.

Mai sandar nan shi ne mai tsaron. Hambali sunansa. Dattawan ƙauyen suna zaune gindin magarya suna kallo, shi kuwa ya sa mu gaba, ya nuna mana ramukan marina da guntun ganuwa. Daga nan ya tsaya a wani giɓi na ganuwar, inda aka kewaye tudun ƙasa da duwatsu.

"Nan mayaƙa sunka fasa birni, shekara ɗari biyu ke nan," in ji shi. "Wanga kabarin jarumin da ya tare su ne. Baƙi kan yi addu'a, su ajiye abin sadaka."

Gwaggo ta damƙe mini hannu har na ji zafi.

"Ubanki ne," ta ce a kunnena. "Sale ne a nan. Wancan shi ne gardin, dogarin Nasara da ke sa su aiki."

Ina da shekara biyar aka kwashi maza aikin dole, mahaifina bai dawo ba. Abin da na sani ke nan. A tsaye a wurin ta gaya mini sauran, a gajarce. Ita ma an kawo ta tana yi wa ma'aikata daka. Kumandan, Baturen mulki, yana son ƙasar cika hanyar mota, Hambali ya sa a sare ganuwa daga gindi don aiki ya yi sauri. Ta rufta kan Sale. Ko wanka ba a yi masa ba, aka tura shi rami, aka koma ɗaukar kwando.

Ni mutum ce da ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma a ranar na buɗe kaye.

"Baba, mene ne sunan jarumin?"

Ya yi dariya. "'Yar lakol, ku 'yan boko sai tambaya! Sunansa ya ɓace, ɗiyata."

"Da me aka kashe shi?"

"Mashi. Nan, ga ƙirji."

"Wa ya gaya maka?"

"Kakana, shi ma daga nashi kakan."

Na bar shi ya yi ta ƙari, doki fari, sulke, kibau goma sha biyu. Ina rubutawa, Mushe Harouna ma yana rubutawa. Ina so ya yi nisa sosai, yadda ba zai iya komowa ba. Da ya ƙare na juya wajen dattawan.

"Iyayena, a cikinku wa ya ɗauki ƙasa a nan shekarar hanya?"

Can wani siririn tsoho, Jika, ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Tsakiyar kan sumul, inda kwando ya cinye gashi.

"Ni," ya ce. "Ni da mutum uku munka binne shi. Bagangare ne, mai yawan waƙa. Tsoro ya hana mu faɗi, daga baya kuma kunya."

"Ƙarya ce!" in ji Hambali. "Mushe, wanga tsoho ya rikice."

Gwaggo ta matso har gabansa. "Dube ni da kyau, gardi. Ni ce ka ce in rufe baki in koma turmi, ba a yi wa kumandan kuka a wurin aiki. Shekara goma sha takwas kana cin goro a kan ƙanena."

Mushe Harouna ya soke abin da ya rubuta, ya mayar da takardar tsaro cikin jaka. Bai ishe ni ba. Na ce kabarin ya zaizaye, yana son ƙasa, kuma na san wanda ya iya sa a ɗauke ta. Dattawan suka dubi juna. Jika da kansa ya je ya kawo kwando.

Sawu bakwai Hambali ya yi, ƙasa tana zubo masa a wuya. A na biyar gwiwarsa ta lanƙwashe, Mushe Harouna ya dube ni. Na kau da kai. Gwaggo tana zaune kan tabarmarta tana cin gumba a hankali.

Da tudun ya tashi, Mushe Harouna ya tambayi abin da zai rubuta. Na ce, "Sale na Gangara, manomi." Jika ya ɗaga hannu ya ja addu'a, ya ambaci sunan sau uku, kowa ya shafa.

Hambali bai jira an gama ba. Ya kife kwandon a gindin ganuwa, ya bi ta giɓin ya fita, ya nufi gonaki.