Ranar da Aka Ga Saminu a Rumfar Talatu

Tun da Ja'afaru ya kira waya da safe Saminu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna a tabarma, ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo ya ɗauki hula ya sake ajiyewa.

"Gobe muna tafe, ni da uwargida," abin da Ja'afaru ya ce ke nan. "Duk wuraren da ka cika mana kunne da su a ofis sai mun gani da idonmu. Inda ake cin abinci, inda ake kiɗa, da wurin nan da ka ce doki ke matse rake. Kada ka ce mini komai, na riga na sha mai."

Ja'afaru Bakano ne, ofishinsu ɗaya a Kaduna. Bara ya ɗauki Saminu zuwa Kano ya zaga da shi lungu-lungu, nan gurasa, can kilishi, kuma ko'ina suka tsaya mai wurin ya san shi da suna. Saminu ya ci ya ƙoshi, amma bakinsa bai bar shi ya yi godiya ya yi shiru ba. Sai da ya ce, "Ai wannan wasa ne. Sai ka zo Makarfi." Daga nan kullum aka zauna hira sai ya ƙara wa labarin gishiri.

To ga inda matsalar take. A Makarfi aka haifi Saminu, a nan ya girma, amma bai taɓa zama a rumfar mai abinci ya ci ba. A Kaduna yakan ci ko'ina. A gida kuwa, magidanci mai mata, wanda uwarsa ke raye a cikin gari, ba ya hawa bencin kasuwa ya sa hannu a kwano. Wannan na direbobi ne da fatake da gwauraye. Ya san ƙamshin rumfunan daga wucewa, ɗanɗanonsu ne bai sani ba. Gobe in Ja'afaru ya ce ina muka nufa, ba shi da inda zai nuna.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa bari ya fara samo wuraren, bayani ya biyo baya. Ya ari babur ɗin ƙanensa, ya leƙa madafa inda matarsa Hafiza ke wanke shinkafa.

"Zan je in dawo."

"Abincin rana fa, Malam?"

"Yanzu zan dawo."

A tasha ya tambayi direbobi, kamar wani ne ya aiko shi. Nan take gardama ta kaure. Wannan ya ce tsiren Ikara, wancan ya ce ƙarya ne, na Ikara duk ƙuli ne. Amma da aka zo kan waina, bakinsu ya zo ɗaya: Talatu, bayan masu barkono, kuma a je da wuri don ba ta kaiwa azahar.

Ranar kasuwa ce. Ya kutsa tsakanin buhuna da amalanke, yana atishawa saboda barkono, har ya iso wata rumfar zana mai benci biyu. Talatu na zaune gaban tanda tana juya waina da tsinke. Ta ɗago ta dube shi, ta sake dubawa.

"Kai, ba ɗan Hajo ba ne?"

"Ni ne. Ina kwana, Iya?"

"Lafiya lau. Gida dai lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Amaryar fa? Ba ta jin daɗi ne?"

"Lafiyarta lau. A zuba mini kaɗan."

Ta zuba, amma ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Ya zauna can ƙarshen benci ya ba kasuwa baya. Wainar ta yi laushi a ciki, gefenta ya soyu, miyar taushen kuma ta ji kabewa da tantaƙwashi. Loma ta farko ta sa ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Wannan ko a gaban Bakano ba za ta ba shi kunya ba. Yana cikin suɗe yatsa ya ji sallama a kansa.

Kawu Lawal ne, yayan mahaifiyarsa, da igiyar akuya a hannu.

Saminu ya zame daga benci ya durƙusa, hannunsa na ɗigar miya. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi Kaduna, aka tambayi gajiyar hanya. Duk tsawon gaisuwar idon Kawu na kan kwanon.

"Kawu, dama wani aboki ne..."

"Ci abincinka, ɗana. Ci." Ya ja akuyarsa ya wuce.

Da ma faɗa ya yi. Saminu ya tsaya da kwano a hannu yana tunanin ya bi shi ko ya koma gida. Sai ya dubi rana, ya tuna saura wurin rake, saura kiɗa. Ya wanke hannu ya hau babur.

Ya nufi wajen Kudan, gonakin rake dama da hagu. Wurin da ya sani tun yana yaro yana nan, sai dai babu doki, wani inji ne ke ta ƙara yana tofar da hayaƙi. Mai wurin ya yi dariya ya ce doki ai cin dawa gare shi. Ya nuna masa hanyar wani ƙauye kusa da Likoro, ya ce akwai dattijon da har yanzu bai rabu da nasa ba. Saminu ya ɓata hanya, ya dawo, ya tambayi masu saran rake, ya sake ɓata. Waya na ta ruri a aljihunsa. Ya duba ya ga Inna ce, mahaifiyarsa, ya mayar.

Ƙamshi ne ya kai shi. A ƙarƙashin wani mangwaro wani jan doki na zagaye, yana jan doguwar sanda da ke juya ƙarafan matsa, ruwan rake na zuba a garwa. Gefe kuma manyan kasake na tafasa, ana kwashe kumfa, ana zuba mai kaurin a ƙananan tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Dattijon ya ɓantaro masa wadda ba ta gama hucewa ba. Saminu ya tambaya ko gobe ma za a yi, don yana da baƙi.

"In dokin ya tashi lafiya, mu ma mun tashi lafiya. Kawo baƙinka."

Ya so ya ɗan zauna a inuwar nan, amma ƙafarsa ta ƙi. Ya juya ya ratsa ta bayan Makarfi ba tare da ya kalli hanyar gida ba, ya miƙe sai Ikara.

A wurin mahauta ya sami abu biyu a haɗe. Ga tukubar tsire, ga wani mutum zaune a gefe da kalangu a hammata yana ɗaure tsarkiya. Sunansa Mamuda. Saminu ya ce yana da baƙi gobe, ya tambaye shi inda ake zuwa a ji kiɗa.

"Inda ake zuwa?" Mamuda ya dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, kiɗa ba shi da shago. Inda aka haihu ko aka ɗaura aure, nan muke. Gobe da yamma akwai bikin 'yar wani mahauci a wajen Janfalan. Ka zo da su, wa zai tambaye ku katin gayyata?"

Saura tsire. Wannan karon ya yi dabara, ya sa aka naɗe masa a takarda, ya zaga bayan wata motar tumatir ya tsuguna. Ya kai yanka na biyu baki ke nan wani mai babur ya taka burki.

"A'a! Angon Hafiza! Kai ne a nan?"

Ɗan Likoro ne, maƙwabcin surukansa. Ya gaishe shi da fara'a, ya dubi takardar, ya dubi inda ya ɓuya, fara'ar ta ragu. Ya ce a gai da gida, ya ja babur.

Bayan la'asar Saminu ya iso gida. Takalman Kawu Lawal na bakin ɗakin Inna. A tsakar gida ga kwanon abincinsa na rana a rufe, an ɗora faifai. Inna Hajo na zaune a kujerar tsuguno tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba.

"Sannu da gida, Inna."

"An ce ka ƙoshi."

Ya durƙusa ya zayyana komai, tun daga Kano har bayan motar tumatir. Kawu ya fito yana saurare yana girgiza kai.

"To ka ji abin da ka jawo," in ji Inna. "Na titsiye yarinyar nan ina tambayarta me ta yi maka, tana rantsuwa tana hawaye. Uwarta ta kira daga Likoro tana tambaya ko yaji za ta yi. Duk a kan waina!"

"Inna, ban yi zaton..."

"Kuma wai baƙo ya taso tun daga Kano ya zo gidana, ka ɗauke shi ka kai shi kasuwa ya ci? A ce gidan Hajo ba a ɗora tukunya? Ba da raina ba. Su zo, su ci a nan, su kwana in sun so. Magana ta ƙare."

Saminu ya miƙe. Ya zaro waya ya nemo lambar Ja'afaru, ya tsaya yana kallonta. Me zai ce? Ya riga ya ji irin dariyar da za a yi a ofis har shekara ta zagayo. Ya mayar da wayar ya shiga ɗakin Hafiza.

Tana ninke kayan wanki, idonta ya yi ja. Ya fara ba da haƙuri, ta bar shi ya yi ta yi har ya rasa abin faɗa.

"Ta fi tawa daɗi?"

"Wacce?"

"Wainar."

Ya sosa ƙeya. "Miyar dai... ta yi daɗi."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ya ɗauka kuka za ta sake yi, sai ya ga tana cije leɓe.

"Tun ina yarinya in muka zo kasuwa da Goggo nake jin ƙamshin rumfar nan, ba a taɓa barina na tsaya ba. Abokin naka da matarsa zai zo?"

"Da ita."

"To wa zai zauna da ita? Kai? Gobe da ni za a je. Duk wanda ya ce girkina ne ya kore ka, ya zo ya gan ni a kan bencin, kusa da kai."

"Inna ta ce magana ta ƙare."

"Da kai ta ƙare."

Ta yafa mayafi ta fita. Saminu ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma ciki, ya sake fitowa. Daga ɗakin Inna yana jin muryar Hafiza ƙasa-ƙasa, sai ta Inna ta ɗaga, sai ta Kawu ta shiga tsakani. Ya ji an ambaci Likoro, ya ji an ce bakin mutane. Ya zagaya rijiya, ya gyara wa babur tsayuwa ba don ya karkace ba. Can Hafiza ta fito.

"Ta yarda. Amma sai sun karya a gidan nan tukuna, kuma ita za ta ce sun ƙoshi, ba su ba."

Washegari da hantsi motar Ja'afaru ta tsaya a ƙofar gida. Aka shigar da matarsa ciki, shi kuma aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya raɗa wa Saminu cewa da gangan suka taho ba su karya ba, don wainar nan. Bai rufe baki ba aka shigo da koko da ƙosai. Aka biyo da funkaso. Aka biyo da farfesun kaza. Duk sanda ya tsame hannu sai muryar Inna ta taso daga bayan labule.

"Ɗana, ko abincin ƙauye bai yi maka ba ne?"

"Wallahi ya yi, Inna!"

"To ƙara."

Ja'afaru ya ƙara, gumi na bin wuyansa. Saminu kuwa ko zama bai yi ba, yana leƙa waje yana duba inda rana ta kai, yana lissafin ƙullun da ya rage a robar Talatu. Da aka shigo da dambu ya ji kamar ya yi ihu.

Sai ga hon ɗin mota. Suka leƙa. Hafiza da matar Ja'afaru sun riga sun shige baya, sun sha mayafi, baƙuwar ta miƙa hannu tana danna hon.

"Inna ta sallame ku," in ji Hafiza ta taga. "Ku taso kafin ta tuna akwai fura."

A kasuwa sai da suka bar motar nesa suka taka. Masu barkono suka bi su da kallo, wani ya taɓa na kusa da shi. Saminu ya ji ƙafarsa na neman juyawa, amma Hafiza na gaba, ba ta rage sauri ba. Talatu ta ɗago daga tanda ta dubi Saminu, ta dubi baƙin, idonta ya tsaya a kan Hafiza.

"Ikon Allah. Amarya da kanta?"

"Da kaina, Iya. Ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yata. Saura kaɗan ku tarar na kwashe. Kwano nawa?"

Ja'afaru ya dafe ciki ya buɗe baki zai ce wani abu.

"Huɗu," in ji Hafiza, ta gyara mayafi ta zauna. "Nawa a cika miya."