Daga Hula Zuwa Haɓa

Mun kai kwanar masu guga ke nan ƙafar kurar ɗaukar kaya ta faɗa ramin da masu shimfiɗa waya suka bari. Malam Isaka ya yi sama ya dawo kan katifarsa. Na ɗauka nishi zai yi, sai na ji dariya.

"Tura, Alu," ya ce wa mai kurar. "In na cika a hanya ka wuce da ni maƙabarta, ka huta da sawu biyu."

Matarsa Tabawa tana biye da lema, tana yi mini faɗa. A cewarta ba a taɓa fitar da mai jinya cikin rana don kallon hoto ba, kuma ni na zuga shi, ni da bokona. Gaskiyarta. Katangarmu ɗaya a unguwar Wadata tun ina koyar da lissafi a lakwal, makarantar boko, kuma na ji abin da lokotoro, wato likita, ya faɗa a zaure: hanta ta gama, a bar shi gida. Ban ga abin da kwanciya a ɗaki za ta ƙara masa ba.

Shekarar ce damina ta gaza, sojoji kuma suka karɓi mulki. Shi kansa Alu yunwa ce ta koro shi daga ƙauyensu. Kowa na zancen tsadar hatsi, Malam Isaka na zancen goshi. 'Yarsa Haoua ta haifi namiji a Kanada, takardu sun hana ta zuwa, sai ta turo hoto ta intanet. A ɗakin tarhon layinmu tsohon modem ne, akwatin nan mai kuka kamar an taka mage kafin ya kama. Hoto kuma daga sama yake saukowa, kaɗan-kaɗan. Duk zuwan da Malam ya yi lokacin yana da sauran ƙarfi, hula ta fito, goshi ya fito, sai layi ya tsinke ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke, a koma farko. Yakan ce ya san jikansa daga hula zuwa gira, kuma goshin na gidansu ne.

Sai ga labari fibar ta iso shagon Abdou na bakin titi, zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ke gudu a ciki. Abdou yana ta shela wai ta fi modem sauri sau dubu. Ni ba a yi mini sau dubu. Na je na tambaye shi nawa aka ba shi, ya ce megabit goma. Modem kuwa kilobit hamsin da shida ne, shi ma a takarda. Na buga masa da ka, ko sau ɗari biyu bai cika ba. Ya ce, "Madam, don Allah ki bar ni in ci abinci." Amma ɗari biyun ma, abin da ke cin rubu'in awa zai iso kafin a amsa sallama. Na koma gida ina sauri kamar yarinya.

Rabin layinmu ya biyo kurar, har teloli da yadi a kafaɗa. Aka ciccibi Malam aka zaunar gaban na'ura. Ya gyara hula, ya ciro carbi, ya jingina, ya shirya wa jira irin wanda ya saba. Abdou ya danna. Bai ja ƙwaya biyu ba yaro ya cika gilashin na'urar, sukutum, har yatsun ƙafa. Shago ya ɗauki sowa, Tabawa ta yar da lema ta rangaɗa guɗa.

Malam kuwa ya runtse ido gam, ya kau da kai.

"Ku rufe shi. Ban gani ba tukuna. Haka ake faɗo wa mutum?"

Abdou ya shiga bayanin wai ba a iya rage gudun. Na fizge yadin kafaɗar wani tela na lulluɓe gilashin, na ce wa Malam ya buɗe ido. Sannan na riƙa sauke yadin a hankali.

Hula. Goshi. Ya ce nan ya sani, in wuce. Da idanu suka fito kowa ya matso. Da muka zo hanci ya ce na Tabawa ne, Allah ya ba yaron haƙuri, ita kuma ta ce hancin ne dai ya sa shi zarya gidan ubanta. A baki ya ce in tsaya, na tsaya har sai da ya ce in ci gaba. Sannan haɓa. Ya miƙa babban yatsa ya ɗora a kanta.

"Kai ne za ka ƙwace mini mata, da wannan 'yar haɓar? To, na bar maka."

A hanyar komawa murmushi kawai yake yi. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi.

Bayan sadakar uku na koma shagon in rubuta wa Haoua gaisuwa. Saƙon ya tafi tun ban ɗaga yatsa ba. Ina tashi Abdou ya zo da tsumma yana goge ƙura. A kan gilashin, daidai inda haɓar yaron ta fito, akwai tambarin babban yatsa, da maiƙon man zafin da Tabawa ke shafa wa Malam. Abdou ya goge sama, ya goge gefe, ya kewaye wurin.