Minti Biyar da Daƙiƙa Ɗaya

Darlene ta hura wa yatsunta iska, ta mayar da babban yatsanta kan madannin agogo. An shiga zango na huɗu, na ƙarshe a wasan ƙwallon Amurka da ake gudu da ƙwallo a hannu, ƙungiyar garinsu na baya da maki huɗu, dusar ƙanƙara na ta sauka a kan mutum dubu saba'in. Ɗan ɗakin da take zaune can sama yake, gabansa duk gilashi. Hitar ɗumama ɗaki ɗaya ce a ciki, ita ma Gus, ƙanin mijinta, ya jawo ta wajen ƙafarsa.

Kujerar da take kai ta mijinta ce, Walt. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da agogon wasa a filin nan. Sati uku ke nan da ya faɗi a kicin, bai ƙara tashi ba. Ita motar 'yan makaranta take tuƙawa, amma ta daɗe tana riƙe agogo a wasannin sakandare, kuma sunanta na cikin masu jiran ko-ta-kwana. Hukumar gasar ta ce ta riƙe wasan ƙarshe na bana, an kuma aiko wani Mista Pruitt yana ɗakin gefe yana dubawa. In ta yi daidai, kujerar ta zama tata. In ta kuskure, za a kawo wani daga wani gari ya zauna a kai.

Dokar layin gefe ita ta fi tsoro. A sakandare, ɗan wasa na fita waje da ƙwallo agogo ya tsaya ke nan har sai an sake fara wasa. A nan kuwa tsayuwar ta ɗan lokaci ce: da an ajiye ƙwallo, babban alƙali ya juya hannu, sai agogo ya ci gaba da tafiya ko da 'yan wasa na tsaye suna shawara. Sai a minti biyun ƙarshe kafin hutu, da cikin minti biyar na ƙarshen wasa, yake tsayawa cak har a fara. Walt ya sha biya mata wannan a teburin cin abinci, tana ce masa ta ji, ya bar ta ta ci abincinta.

Gus, ƙanin Walt, shi ke riƙe da ƙaramin agogon daƙiƙa arba'in, lokacin da ake ba masu ƙwallo kafin su sake fara wasa. Tun safe yake tsokanarta, wai ta zo da rigar sanyin marigayi don ta tsorata alƙalai, wai yatsan da ya saba da hon ɗin mota ne, a yi hattara. Ta ce masa ya goge miyar mastad ɗin da ke gemunsa tukuna.

Ƙwallo na hannun baƙi, kuma ba abin da suke so sai lokaci ya ƙare. Mai gudunsu ya karɓa ya nufi gefen dama, mutum biyu na 'yan gida suka bi shi. Agogo na nuna saura minti biyar da daƙiƙa huɗu. Biyar da uku. Gus ya matso da kujerarsa, murya ƙasa ƙasa.

"Matar Yaya, bar shi ya sauka ƙasa da biyar. Kada ki yi sauri."

Ta fahimce shi sarai. In ta ɗan yi nauyin yatsa agogo ya nuna huɗu da hamsin da tara, zai tsaya cak, 'yan gida su tsira da rabin minti. Wa zai ga laifin bazawara a rana mai sanyi haka?

Takalmin mai gudun ya taka farin layi. Alƙalin gefe ya ɗaga hannuwa yana kaɗawa. Ta danna.

Biyar da ɗaya.

Aka ajiye ƙwallo, babban alƙali ya juya hannu, ta sake dannawa. Baƙi suka tsaya abinsu suna jira, ita kuma tana kallon daƙiƙa talatin na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Gus ya ja kujerarsa ya koma inda yake.

'Yan gida sun karɓi ƙwallo saura minti ɗaya da rabi, ba su da sauran damar tsayar da agogo. Suka yi ta turawa har saura taku uku su ci, aka kayar da mai ƙwallon a cikin fili. Suna rige-rigen jeruwa don sake farawa lokaci ya cika. Filin ya yi tsit, sai ƙarar kujeru na naɗewa.

Gus ya daɗe yana naɗe wayar na'urarsa. Ta ce masa in yana da magana ya yi, ba ta son kumburi.

"Da Yaya ne, da ya bar shi ya sauka."

"Kada ka yi masa ƙarya, Gus. Yana kabari."

"Ni zan yi masa ƙarya? Ina nan zaune ya yi sau biyu. Shekarar da muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kin tuna ya kai ki cin kifi bakin tafki? To daren nan ne."

Ta tuna. Ta tuna har rigar da ya sa, da yadda ya yi ta dariya ba dalili, ita kuma ta ɗauka murnar nasara ce. Ta sa hannuwanta cikin aljihun rigar, ta zauna tana kallon masu share fili.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Pruitt ne, da takarda a hannu. Ya ce ya sake kallon bidiyon wasan nan na layin gefe har sau uku, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya ce ba kowa ke iya haka a filin garinsu ba. Kujerar tata ce badi, in tana so. Ya miƙa mata biro.

"Gaskiya Walt ya koyar da ke da kyau, Misis Kowalczyk."

Gus ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Darlene ta karɓi biron, ta ɗora takardar a kan gwiwarta.

"Haka ne," in ji ta. "A ina zan sa hannu?"