Daron Mai Agogo

Na rungumo daron, saura taku biyu in fita daga falon, sai ga matar Mai Agogo daga kicin da buta a hannu.

"Direba, ina za ka kai masa kayansa?"

Na ce rana zan kai su su sha. Ta dubi tagar, inda rana ta kwanta male-male, sannan ta dube ni. Shekara talatin ina wuce shingayen hanya da daɗin baki, amma ran nan ƙarya ta ƙi ni.

Mai Agogo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Kuma ni na jawo zancen daron nan. Wata shekara mota ta mutu mini a wani fili da babu ko inuwa, na ga ɗan tsiro mai ƙaya ya fito tsakanin duwatsu. Na ciro shi na kawo masa don tsokana, na ce ga ƙaninka, ba ya magana, ba ya son a taɓa shi. Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya ɗauko tsohon daron wanka, ya huda gindinsa da ƙusa, ya zuba tsakuwa da gawayi da yashi, ya dasa.

Daga nan duk tafiyar da zan yi sai ya ce in duba masa irin tsiron a bakin hanya. Har suka kai goma sha ɗaya. Wasu dunƙule kamar ƙwallo, wasu ganyensu kamar yatsun jariri. Da hantsakin gyaran agogo yake cire musu busasshen ganye, gilashi maƙale a ido ɗaya. Ruwa kuwa da sirinji, sau ɗaya a sati biyu. Ina zaune ina ba shi labarin duniya, rabi gaskiya, shi kuma yana "uhm".

Da ciwo ya kwantar da shi, sai matar ta karɓi aikin. Safe buta, yamma buta. Uku suka ruɓe daga gindi.

Ranar da nake ba ku labari, ya sa na matso kusa da gadon, don muryar ta yi ƙasa.

"Shekara ashirin ba ta taɓa kula daron nan ba. Yanzu likita ya hana ta ba ni komai, shi ne take ba su. In na ce ta daina, me ya rage mata? Ka sace shi kawai, ai ka saba."

Ga ni kuwa an kama ni a bakin ƙofa.

Ta tambaye ni ko shi ya aiko ni. Na gyara riƙon daron. Ta tambaya ko kashe su take yi. Na ce ba kisa ba ne, hannunta ne ya cika alheri, su kuma 'yan wahala ne irin mijinta, ba su saba ba. Ta ajiye butar a hankali.

"In ka fita da shi, me zai riƙa tambaya da safe?"

Na juya da daron, na shiga da shi ɗakin, na ɗora kan kujera kusa da gadon. Mai Agogo ya buɗe ido ya ce ɓarawon da ya dawo da kaya bai taɓa gani ba.

A nan ya koya mata. Ta fara tura yatsa cikin yashi; in da sanyi, ta haƙura. Ruwa a gindi, ba a kai ba. Ta ce ashe duk rowar nan tasa dalili gare ta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce kada a ƙara musu ko ɗigo sai bayan sati biyu.

Kwana tara ya ƙara. Allah ya jiƙansa.

Ran da sati biyun suka cika ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce in zo in tsaya mata. An naɗe katifar, amma daron na nan kan kujera. Ta zuƙo ruwa a sirinji, sannan ta tura yatsa cikin yashin, ta daɗe.

"Da saura," ta ce.

Ta ajiye sirinjin kusa da hantsakinsa. Muka zauna, rana tana hawa gefen daron.