Babi Na Bakwai a Hannun Sumayya

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare da ke Gada Biyu, kuma duk shekara sai na ba 'yan ajin ƙarshe aiki a kan babi na bakwai na tsohon littafin da ke manhajarmu. Wallahi ina son babin nan. Tauraron labarin ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar gidan ubansa, sai kawai ka tsince shi a tasha washegari. Kullum ina gaya wa ɗalibai nan gwanintar marubucin take: ya ɓoye haɗuwar, ya bar mai karatu ya cike da kansa.

Sai ga takardar Sumayya, wata shiru-shiru da ke zama a kujerar baya. Wai ita ce ta cika shafi uku tana fayyace yadda uban ya ƙi kallon ɗansa, da yadda marubucin ya maimaita ɗigar ruwan buta har sau uku don a ji nauyin shirun da ke tsakaninsu. Wace buta? Babu wannan a littafin. Na ce to, an zo wurin, ta tambayi waya, wayar ta shirga mata ƙarya, ita kuma ta kwafe. Dokarmu kuwa ba wasa: wanda aka kama da satar amsa, cire sunansa ake yi daga jarrabawar gwaji.

Da aka tashi hutun tara na kira ta ofis. Na tambaye ta wa ya rubuta mata, ta ce ita ce. Na ce ta miƙo wayarta, ta ce ba ta da waya. Raina ya ɓaci, don na tsani a raina min hankali. Na nuna mata takardar ƙarar da zan kai wa shugaban makaranta, sa hannu kawai ya rage.

"Malama, a littafin kakana na karanta," in ji ta, idonta a ƙasa.

Na ce ta kawo kakan ma in ta ga dama, gobe dai ƙarfe takwas nake son ganin littafin.

Washegari ta zo da shi daga unguwarsu Kwararafa, a naɗe cikin ɗankwali. Takardunsa sun yi ja, a bango an rubuta sunan kakan: Lukuman, akawun kamfanin kuza. Duk da haka sai da na duba ɗinkin ko liƙa wani abu aka yi. Na buɗe babi na bakwai, na ajiye kusa da nawa. Nawa, wanda daga shi ake yi wa ɗalibai nasu, hoton fotokwafi ne na wani hoton, gadon malamin da na canza, lambobin shafin ma inji ya yanke su. A na kakan kuwa, ga uban nan zaune a zaure. Ga butar, sau uku cif. Shafi biyu ne mai hoto ya tsallake tun ban zo makarantar ba, ni kuma nake ta yi wa marubuci kirari a kai.

Kunya ta rufe ni. Na yaga takardar ƙarar.

"Malama, zan rubuta jarrabawar?"

Na ce za ta rubuta, kuma yau ita za ta karanta wa aji shafukan nan. Ta fita, ta bar ni da sauran takardu arba'in da biyu a kan tebur. Kowacce tana yabon ɓoyewar da na koya musu, kuma duk na riga na ba su maki.